Yadda za ka gane kalmomin Turanci masu ɗafa-goshin da ke yaudara

Da wuya ka bi bayan tankar mai a hanyar Kano zuwa Zariya ka rasa rubutun nan da jan fenti: HIGHLY INFLAMMABLE. Da shi nake buɗe darasin ɗafa-goshi, wato ɗan ƙarin da ake liƙa wa kalma a farkonta, ga ɗalibaina masu shirin WAEC da JAMB, kuma kullum sai an samu masu cewa ma'anarsa "ba ya kama wuta". Ba daƙiƙan aji ke faɗin haka ba. Yaran da suka fi riƙe karatu ne, waɗanda suka haddace abin da aka koya musu tun firamare: *correct* da *incorrect*, *visible* da *invisible*, *complete* da *incomplete*. A lissafinsu, tilas *flammable* da *inflammable* su zama kishiyoyi. Alhali abu ɗaya suke nufi, wato mai saurin kama wuta. Abin yana damuna ƙwarai, domin wannan kalma ba ta jarrabawa ba ce kawai. Tana iya fitowa a jikin gwangwanin maganin sauro na fesawa, ko turare, ko fenti, abubuwan da ake ajiyewa kusa da murhu.

Tushen rikicin shi ne *in-* iri biyu ne, duka daga Latin. Ɗaya na korewa ne, ɗan'uwan *un-*. Ɗayan kuma yana nufin "cikin" ko "sa wani abu cikin wani hali". Kamar tagwaye ne da aka ɗinka wa kaya iri ɗaya, sai ka san halin kowanne kafin ka bambance su. *Inflammable* ta fito ne daga na biyun, daga aikatau na Latin mai nufin cinna wa abu wuta. Ta girmi *flammable* da kusan shekara 200 a Turanci. A wajen shekarun 1920 ne masu aikin kariya daga gobara a Amurka suka fara matsa wa kamfanoni su riƙa rubuta *flammable*, saboda su ma Turawan suna faɗawa wannan tarko.

To ga abin da nake sa ɗalibai su fara yi. Idan ka ci karo da kalma mai *in-*, kada ka yi gaggawar cire mata kai. Fara cire mata wutsiya, wato ɗafa-ƙeya irin su *-able*, *-ed*, *-ion*, ka ga me ya rage. Cire *-able* daga *inflammable*, za ka ga *inflame*, aikatau cikakke mai nufin hura wuta ko tunzura. Cire shi daga *inhabitable*, za ka ga *inhabit*, wato zama a wuri. Da zarar ka ga aikatau yana tsaye da ƙafafunsa da *in-* ɗin a jikinsa, to kusan kullum *in-* ɗin ba na korewa ba ne. Haka *inflate*, hura iska cikin taya. *Inject*, tura magani cikin jiki. *Intoxicate*, *invigorate*, *incite*. Yanzu gwada da *incapable* ko *invisible*. Babu wani aikatau *incape* ko *invise* a Turanci. A nan ne za ka juya ka cire kan, sai sifa ta fito fili: *capable*, *visible*. Na korewa a kan sifa ya fi hawa, na "cikin" kuma a kan aikatau.

Idan kana son hujja da za ka riƙe a hannu, ɗauko kwalin ibuprofen ka duba takardar ciki. Za ka ga *anti-inflammatory*, maganin da ke rage kumburi. *Inflammation* shi ne kumburin nan mai zafi da ja, kamar wuta na ci a cikin nama. Saiwarsu ɗaya da rubutun bayan tanka. Duk ɗalibin da na nuna wa wannan takarda bai sake rikicewa ba a kan kalmar.

Kada kuma sauyin harafi ya ruɗe ka. Duka tagwayen suna rikiɗa gwargwadon harafin da ke binsu: *im-* kafin *p*, *b* da *m*, *il-* kafin *l*, *ir-* kafin *r*. *Illegal* korewa ce, amma *illuminate* haskakawa ce. *Irregular* korewa ce, amma *irrigate* shi ne ban-ruwa, irin na manoman rani a Kadawa. *Impossible* da *immature* korewa, *import* da *immigrate* shigowa.

Gwaji na biyu ya fi sauri, kuma shi nake ba da shawara a ɗakin jarrabawa. Gwada ɗora *un-* ko *non-* a gaban kalmar. Idan ta karɓa, galibi *in-* ɗinta ba korewa ba ne, domin da wuya Turanci ya jera korewa biyu a goshin kalma ɗaya ta wannan hanya. Akwai *uninhabitable*, *uninvited*, *uninformed*, *uninstall*, *non-inflammable*. Ba za ka taɓa jin *unincorrect* ba.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci, ku kula da *inhabitable* musamman. A Faransanci gidan da aka kira haka ba ya zaunuwa. A Turancin yau kuwa gida ne da za a iya zama a cikinsa. Rubutu ɗaya, harafi da harafi, ma'ana gabas da yamma. Wanda ke fassara rahoton ambaliya daga Faransanci zuwa Turanci zai iya mayar da rusassun gidaje lafiyayyu da kalma ɗaya. *Inflammable* kam ma'anarta ɗaya a harsunan biyu.

Sai kuma 'yan kalmomin da gwaje-gwajen nan ba sa kamawa, domin *in-* ɗinsu na korewa ne da gaske, amma abin da yake korewa ba shi ne abin da kake zato ba. Waɗannan haddace su za ka yi, ba su da yawa.

Babbarsu *invaluable*. Wani dattijo abokin aikina, da ya yi ritaya, aka ba shi takardar yabo. Ya kira ni gefe, ya buɗe ta a kan bonet ɗin mota, ya ɗora yatsa ƙarƙashin *your invaluable service*, ya ce, "Malam, duba mini nan. Aikin banza suke cewa na yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne ƙololuwar yabo." Abin da ake korewa a nan shi ne iya yi wa abu farashi. Aikin ya wuce a kimanta shi da kuɗi. Haka *priceless* take, duk da *-less* ɗin da ke wutsiyarta. Idan wulaƙanci ake nufi, *worthless* ko *valueless* za a ce.

*Infamous* kuwa kuskure biyu ake yi mata. Wasu na ɗauka tana nufin wanda ba a sani ba, wasu kuma na ɗauka tana nufin wanda ya shahara matuƙa, har ka ga yaro ya rubuta *an infamous scholar* a insha'i yana ganin ya girmama malaminsa. Ma'anarta wanda ya yi ƙaurin suna, sananne da mugun abu. Kyakkyawan suna ake korewa, ba sanuwa ba. Da Japan ta kai hari kan sansanin sojan ruwan Amurka da ke Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, Shugaba Roosevelt na Amurka ya kira ranar *a date which will live in infamy*, ranar da za a riƙa tunawa da muninta. Wanda ba a sani ba *unknown* ko *obscure* ake ce masa.

Akwai biyu da masu tsara tambayoyi ke son haɗawa a zaɓi ɗaya: *impassioned* da *impassive*. Ta farko jawabi ne mai cike da zafin rai, ta biyu fuska ce da ba ka iya karanta komai a kanta. *Disinterested* ma na cikin wannan sahu. A rubutu na tsanaki tana nufin wanda ba shi da wata riba a cikin magana, irin alƙalin da kowa ke fata. Wanda abin bai dame shi ba *uninterested* ne. *Disgruntled* ba kishiyar komai ba ce, *dis-* ɗinta ƙarfafawa yake yi, tana nufin mai ƙunƙuni saboda an ɓata masa. *Unloose* da *loose* duk kwancewa ne. *Irregardless* kuma kada ka rubuta ta ko kusa, *regardless* ta wadatar, mai maki zai ja maka jan biro.

Ga mai rubutu, shawarata a sauƙaƙa. In akwai rai ko dukiya a cikin maganar, zaɓi kalmar da ba ta da fuska biyu: *flammable* maimakon *inflammable*, *habitable* maimakon *inhabitable*. In kai ke rubuta gargaɗi a shago ko sito, ƙara da Hausa a ƙasa: "Hattara, yana saurin kama wuta."

Ba *in-* kaɗai ke wannan aika-aika ba. *Oversee* sa ido ne a kan aiki, *overlook* kuwa sau da yawa tsallake abu ne ba a lura ba, ko kau da kai daga laifi. *Oversight* ta haɗa duka biyun, kuma kullum tana cikin labaran majalisa. Dubi maƙwabtanta. In ka ga *oversight function* ko *oversight committee*, aikin sa ido ne da 'yan majalisa ke yi wa ma'aikatu. In ka ga *an* a gabanta, kamar a *due to an oversight*, to wani ne ya yi sakaci ake neman uzuri.