Kurakuran da aka fi yi wajen taimaka wa yaro mai raunin karatu da salula ko tabilet

Babban kuskure shi ne a kunna wa yaro muryar da ke karanta shafi, a bar shi yana bi. Yaranmu na Maradi sun saba da hadda tun daga makarantar allo, kunnensu na da kaifi. Sau uku kawai yaro zai saurari shafi ya riƙe shi tsaf, ya maimaita ba tuntuɓe, malami ya ɗauka ya iya. Ka duba idonsa: yana kallon hoto ne, ba baƙaƙe ba. Gyaran shi ne a raba aikin uku. Ya saurara sau ɗaya, yatsansa na bin kalma. A kashe murya ya karanta da kansa. Sannan a nuna masa kalmomi biyar daga shafin a warwatse, daga ƙasa zuwa sama. In ya tsaya cak a nan, hadda ce ya yi, sai a koma kan haruffa da gaɓoɓi: ba, bi, bu.

Na biyu, barin na'ura ta karanta Hausa da muryar Faransanci. Yawancin salulolinmu a kan Faransanci aka saita su, don haka za ta furta "ci" kamar "si", ta kuma lalata wasalin "u". Yaron da ke fama da sauti ka ƙara rikita shi ke nan. Gara malami ya ɗauki muryarsa da kansa, a hankali, jimla ɗaya-ɗaya, kada ya wuce minti 2.

Haruffa masu ƙugiya ma ana wasa da su. Akan rubuta "kafa" a maimakon "ƙafa", ko ɓ, ɗ, ƙ, ƴ su fito kamar ɗan akwati a fuskar na'ura. A saka Hausa a Gboard, wato allon rubutu na salula, kuma wajen shirya rubutu a yi amfani da Andika, samfurin harafin da ƙungiyar harsuna ta SIL ta tsara domin masu koyon karatu, a ƙara masa girma sosai.

Sai rabon na'urar. Tabilet ɗaya a tsakiyar yara goma, mai ƙoƙari ne zai riƙe ta, wanda aka sayo ta dominsa yana leƙe ta bayan kafaɗa. Wannan yana ba mu takaici ƙwarai, don yakan yi shekara haka ba wanda ya lura. A gwada kowane yaro shi kaɗai na minti 1, a ware wanda bai san harafi ba da mai haɗa kalma da ƙyar, ko da ɗan CE2 ne, wato aji huɗu na firamare. Yara uku masu mataki ɗaya, minti 15, na'urar na zagayawa hannu zuwa hannu. Bayan mako biyu a ɗauki muryar yaron yana karanta sabon shafi, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai.

Kada a dogara da intanet a cikin aji. A sauko da littattafan manhajar Bloom Reader ko African Storybook tun a gida, a tura wa sauran na'urori ta Bluetooth. A yi caji da dare, kuma a zafin Afrilu da Mayu kada a bar tabilet a rana ko kusa da rufin kwano, batir yakan kumbura. Lokacin hunturu a ajiye ta cikin jakar da ke rufuwa saboda ƙura.