Raunin gwiwa: kurakuran da na gaji da gani a filayen Damagaram

A makon jiya wani yaro da nake horarwa ya shigo fili da bandeji a gwiwa, kwana goma kacal bayan ta murɗe, yana cewa, "Yaya, na warke." Na tambaye shi me ya sha. Ya sunkuyar da kai. Shi ne na huɗu a bana, kuma duk hanya ɗaya suka bi, hanyar da ta raba ni da ƙwallo.

Babban kuskure shi ne kashe zafi da ƙwaya a koma wasa. Ni a wasan unguwanni abin ya same ni: na kafa ƙafa na juya, na ji "ƙas", kafin magariba gwiwa ta cika kamar tulu. Maimakon in je asibiti, sai na sayi diclofenac wurin mai tiren magani, ina sha safe da yamma har mako uku, a cikin zafin Afirilu da ke wuce digiri 40, ina kuma fita fili. Zafin ya yi shiru, amma jijiyar da ta tsinke tana nan a tsinke. Ranar da na sauko daga kabu-kabu gwiwar ta sulluɓe, guringuntsin ciki ya yage shi ma, ga ciki yana ci mini kamar an zuba barkono. Sai daga baya lokotoro ya faɗa mini cewa diclofenac da ibuprofen suna cin bangon ciki, kuma suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe da zufa ko azumi.

Tramol kuwa, ku ji tsoron Allah, samari. Wanda ake rubutawa a asibiti yawanci miligiram 50 ne, na titi har 225 ake samu. Yana kama mutum ya kasa bari, yana iya jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma bai taɓa ɗinke jijiyar kowa ba. Zafi ɗan aike ne, shi ke gaya maka ka tsaya. Ka toshe masa baki, wa zai faɗa maka? Dokata ita ce: duk motsin da sai na sha ƙwaya zan iya yinsa, lokacinsa bai yi ba. Paracetamol nake sha, shi ma da dare don in samu barci.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ma na yi shi. Bayan faɗuwa ta biyu na tsorata, na je aka ɗaure ƙafar, na kwanta wata guda cur. Maɗori ya san karaya, ban raina shi ba, amma jijiyar da ke cikin gwiwa ba ƙashi ba ce da za a jera wa kara. Da aka kwance, na ari mitar tela na auna taƙi ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa: cinyar dama ta rame ƙwarai a kan ta hagu, ƙafar kuma ta ƙi miƙewa sosai. Naman cinya shi ke riƙe gwiwa, kuma cikin makonni kaɗan yake zubewa idan ba ya aiki. Na fi wata shida ina neman abin da na zubar a wata ɗaya.

Abin da kine, wato ma'aikacin asibiti mai koya wa majinyata motsa jiki, ya koya mini, na ɗaura shi a kan lokutan salla don kar in manta. In zauna kan tabarma, in naɗe tawul ƙarƙashin gwiwa, in danna ƙasa in ƙirga biyar, sau goma. Sannan in kwanta rigingine in ɗaga ƙafar a miƙe, sai in jawo dunduniya a hankali zuwa gare ni. Keke ya zo daga baya, da sirdin a sama, a kan hanya mai laushi. Idan gari ya waye gwiwa ta fi jiya kumburi, na wuce gona da iri, sai in rage. Wanda aka yi wa aiki ya bi takardar kine ɗinsa, ba tawa ba.

Sai maganin ƙarin ƙarfi. Na ga yaron da ya sayar da wayarsa don kwalbar glucosamine da garin collagen da aka tallata masa a WhatsApp. Glucosamine don masu amosanin gaɓɓai ake sayar da shi, su ɗin ma manyan gwaje-gwaje ba su nuna wani amfani mai yawa ba, balle ya haɗa jijiya. Ni kuɗin a cefane nake sa shi: wake, ƙwai, nono, gyaɗa, soyayyar fara, kwaɗon zogale, miyar kuka. Jiki da kansa yake ƙera collagen, wato sinadarin da jijiya ke ginuwa da shi, yana dai buƙatar furotin da bitamin C, lemun tsami da gwaba sun wadatar. Ƙwayar calcium kar ka sha sai an rubuta maka. Haɗe-haɗen "maganin sanyi" da ba a san abin da ke ciki ba, ka bar su, wasu da dexa, wato ƙwayar dexamethasone, ake cakuɗa su.

Sauran ƙanana ne amma suna tsawaita jinya. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, don haka "ba karaya" ba ya nufin lafiya lau. Gasa gwiwa da ruwan zafi a kwanakin farko yana ƙara kumburi. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20. Tsuguno a masai yana matse guringuntsi, ka nemi kujera mai rami. Salla a zaune ta halatta ga mara lafiya, kunyar idon jama'a ce kawai ke hana ku. Gudu cikin yashi da ɗaga ƙarfen siminti na fadar samari su ne na ƙarshe a layi. Idan gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, a ranar za ka je asibiti, don na biyun yana iya zama gudan jini.

Wanda aka ɗinke wa babbar jijiyar tsakiya, likitoci kan ce ya jira aƙalla wata 9 kafin wasa. Yaron nan nawa na karɓe rigarsa, na ba shi usur ya riƙa yi mana alƙalanci daga gefe. Gobe da safe ni zan ɗauke shi a moto mu je a duba gwiwar.