Kiwon zuma ba magani: wuraren da ake yin tuntuɓe

A kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, duk mai zumar da ka tsaya gabansa zai ce maka tasa ta daji ce, ba ta san magani ba. Yawancinsu ba ƙarya suka yi niyya ba. Abin da suke nufi shi ne ba su taɓa sayo magani sun ba ƙudan zuma don wata cuta ba. Wannan gaskiya ne, amma guba ba ta wannan ƙofa kaɗai take shiga amya ba.

Ita wannan magana ta kiwo ba magani daga Turai da Amurka ta taso, kuma dalilinta wata 'yar kaska ce ja mai suna baroa, wadda take manne wa ƙudan zuma da 'ya'yansu tana tsotsarsu. Asalinta daga ƙudan Asiya ne, ta shiga Amurka a 1987, ta yi ta kashe amyoyi har masu kiwo suka koma rataya sinadarai irin su amitraz da fluvalinate a ciki. Daga baya wasu suka ce sun daina. Har yau suna gardama a kan ruwan tsami na oxalic da formic da kuma thymol: wasu su ce tunda ana samunsu a tsirrai da ƙwari ba laifi, masu tsanani su ce duk abin da ka zuba a amya don ya kashe wani abu magani ne, ko daga ina ya fito. Ni ina tare da na biyun, don ya fi sauƙin faɗa wa mai saye ba kwana-kwana.

Mu a nan Bauchi Allah ya hutar da mu daga mafi yawan wannan wahala. Ƙudan zumarmu na Afirka ta Yamma suna jure wa kaskar: suna kakkaɓe ta daga jikinsu, suna fitar da 'ya'yan da ta kama, in abu ya yi tsanani su tashi su bar gidan. Don haka matashin da ya kalli bidiyon Turawa a YouTube ya yi odar magani daga waje, ya sayi abin da ba ya bukata, kuma ya ɓata kakinsa, domin irin waɗannan sinadarai a cikin kaki suke zama. In kana shakka, buɗe 'yan ramukan 'ya'yan maza da aka rufe ka duba da idonka kafin ka kashe kuɗi.

Babbar ɓarnar tana ranar ɗiba. Nan ne mutumin da ya yi shekara bai sa komai a amyarsa ba yake rushe aikinsa cikin dare ɗaya. Don tsoron harbi, wani ya ƙone tsumma mai baƙin mai, wani leda, wani yankin taya, ya tura hayaƙin ciki. Zuma kuwa tana shan wari kamar yadda nono yake sha. Mafi muni shi ne mai fesa Sniper ko fiya-fiya a bakin amya don ƙudan su mutu ya kwashi saƙa hankali kwance. Na taɓa tarar da wani dattijo a wani ƙauye wajen Alkaleri yana shirin yin haka, kwalbar na aljihunsa. Na ce, "Baba, wannan ai da shi ake kashe sauro." Ya ce, "Ɗana, kaɗan zan sa, iska za ta kwashe." Iska ba ta kwashewa. Sinadarin da ke ciki, dichlorvos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Ga shi kuma ita zuma ba dafa ta ake yi ba, majinyata da tsofaffi ne suka fi shanta.

Gyaran bai kai kuɗin amya ɗaya ba. A nemi gwangwanin hayaƙi mai mafici, maƙeran gwangwani suna ƙera shi in an nuna musu samfuri, a zuba busasshen kashin shanu ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa. Hayaƙin ya zama fari mai sanyi, ba harshen wuta ba. Da rigar kariya da safar hannu, tsoron da ke kai mutum ga guba ya kau. Kuma a yanki saƙar da aka rufe bakinta da kaki kawai, a bar ta 'ya'ya. Wadda ba a rufe ba ruwanta ya yi yawa, tsami za ta yi. Ma'aunin duniya bai yarda ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Sai mazubi. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ba ta wankuwa, ko da omo nawa. Sabon bokitin roba mai murfi, shi ke nan. Haka masu ajiye tsohuwar saƙa da kafur don kada asu ya ci: kaki yana riƙe kafur, ya mayar wa zumar baɗi. Mai firiza ya sa saƙar kwana biyu, in wuta ta yarda. Marar shi ya narkar da ita ya sayar da kakin. Kada kuma a shafa wa cikin akwati fenti ko maganin gara.

Akwai kuskuren da ba hannunka ne ya yi ba, amma kai ka zaɓi wurin. Ƙudan zuma yana tafiyar kilomita 3 neman fure ba tare da ya ji komai ba, shi ya sa dokar Turai ta zumar da ba ta san sinadari ba (organic) take duba abin da ke cikin wannan tazara kewaye da amya. In ka kafa a gefen gonakin wake da ake fesawa yana cikin fure, ko kusa da lambun tumatir na rani, me ka guje wa? Gefen daji mai ɗorawa da kaɗanya da magarya, irin na wajen Toro da Ningi, ya fi. Inda ba yadda za a yi, a je wurin maƙwabci da girmamawa a roƙe shi ya riƙa feshi da yamma lis, bayan ƙudan sun koma gida, ya kuma sanar da kai tun ana gobe zai yi.

Wasu kuma sun ɗauka kiwo ba magani shi ne a rataya amya a manta da ita sai ranar ɗiba. Wannan sakaci ne. Asun kaki da ɗan baƙin ƙwaron amya ba sa cin galaba sai a kan gidan da ya yi rauni ko ya yi wa ƙudan yawa. A rage faɗin ƙofa, a toshe tsaga, a cire saƙar da ta yi baƙi, a haɗa raunanan gidaje biyu su zama ɗaya. A watan Maris da Afrilu a ajiye ruwa a kusa da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse, in ba haka ba su tashi.

Kwarkwasa da shazumami su ne ke sa a nemi baƙin mai. Mutane suna shafa shi a ƙafafun teburin amya, kuma yana aiki, ba musu. Tunda ba ya shiga ciki, wasu ba sa ƙirga shi a magani. Ni na daina, don zafin rana yana narkar da shi ya tsiyaya ƙasa, ƙudan kuma suna maƙalewa. Gwangwanin ruwa a ƙarƙashin kowace ƙafa da toka a kewaye suna yi mini wannan aikin, muddin na share ciyawar da ke taɓa akwatin.

Ruwan sukari ba magani ba ne, kuma yana ceton gidan da yunwa ta kama. Sai dai a janye shi tun kafin fure ya buɗe, domin abin da ƙudan suka tara daga sukari ba zuma ba ne, ko da a cikin saƙa ka same shi.