Darasi na 7: Lissafin Asarar Ambaliya

A watan Agusta da Satumba Kogin Kaduna kan cika ya batse. Mutanen Rafin Guza, Kigo Road da Nasarawa ba labari aka ba su ba. Ruwa na janyewa sai ka ga katifu a shanye kan katanga, laka ta ja layi a bango har ƙugu. Jami'i ya zo da takarda ya ce, "Baba, nawa ka yi asara?" Da yawanmu mukan ce, "Ai komai ya tafi." Gaskiya ne, kuma akwai ciwo. Sai dai "komai" ba ya shiga lissafi.

Ku buɗe littafinku, ku raba shafi gida uku.

Gida na farko: abin da ruwa ya ci. A ce buhun masara 6 ne a ɗaki, kowanne ₦40,000.

6 × 40,000 = ₦240,000

Ku sa farashin yau, ba na ranar da kuka saya ba, domin da kuɗin yau za ku mayar da shi. Har kaji da littattafan yara ku rubuta.

Gida na biyu: kuɗin da bai shigo ba. Nan ne aka fi mantawa, kuma a ganina nan talaka ya fi jin jiki. A ce tela ce, kekenta ya kwana cikin ruwa. Ribarta ₦3,000 ce a rana, ta yi kwana 20 ba ɗinki.

20 × 3,000 = ₦60,000

Abin bai tsaya kanta ba. Mai sayar mata da zare a Kasuwar Bacci ya rasa ciniki, mai Keke Napep da ke kai ta ma haka. Da haka asarar gida ɗaya kan zagaye gari.

Gida na uku: kuɗin gyara, wato bulo, siminti, kwano da ladan magini. Kada ku ƙirga abu sau biyu. In katanga tana gida na uku, kada ta fito a na farko.

Irin wannan lissafi hukuma ke yi, sai dai nata ya haɗa da hanyoyi, gadoji, makarantu da gonaki. Daga unguwa a tara zuwa ƙaramar hukuma, Hukumar Agajin Gaggawa ta Jiha ta haɗa, a miƙa wa NEMA, Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu a Najeriya, aka ƙiyasta asarar a kan naira tiriliyan 2.6.

In kuna da waya ku ɗauki hoto kafin ku share laka, ku sa kwanan wata, mai unguwa ya shaida.

Aiki
1. Haɗa asarar masara da ta tela. Nawa ke nan?
2. Magini ya nemi bulo 150, kowanne ₦600. Nawa za a kashe?
3. Rubuta abubuwa biyar na ɗakinka da farashinsu na yau.