Yadda na gyara buluzon ɗina na fatar ɗan rago

Hunturun bana ya busar min da buluzon, wato jaket ɗina na fata, gwiwar hannu har ta fara fari-fari. Na shafa Vaseline ƙura ta manne, siraji (man goge takalmi) kuma ya ɓata min wuyan riga. Wani dattijo baduku a kasuwar Dole ya ce min, ɗana, fatar ɗan rago siririya ce, mai kaɗan take so. Sai na goge da tsumma mai ɗan laima, ya bushe a inuwa ba a rana ba, na gwada man kaɗe ta ciki tukuna bai yi tabo ba, sannan na murza ɗan mitsitsi a tafin hannu ya narke na shafa a hankali. Ya kwana a rataye, da safe na goge da busasshen tsumma, laushi ya dawo. Allah ya saka wa baba da alheri.