Darasi na 9: Zaɓen Kamfanin da Zai Kula da Dattijo a Gida

A da, tsoho ba ya rasa mai ɗebo masa ruwan alwala. Gida ɗaya ake zaune, ga 'ya'ya, ga surukai, ga jikoki. Yanzu zama ya canza. Babban ɗa yana aiki a Abuja, 'yar tana aure a Kaduna, auta yana makaranta, an bar Inna a Kano da hawan jini da ciwon gwiwa. Wanda yake kusa da ita ma, tun safe ya fita kasuwa, sai magariba. Shi ya sa a manyan garuruwa ake samun kamfanoni masu turo ma'aikaci har gida ya kula da dattijo, a biya su duk wata.

Wasu suna jin nauyin yin haka. Sukan ce, "Sai a ce na kasa riƙe mahaifiyata." A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya yi umarni da a kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, ko "uf" kada a ce musu. Nemo wanda ya iya jinya yana cikin kyautatawar. Abin kunyar shi ne tsohuwa ta yini ita kaɗai, ba mai kama ta zuwa banɗaki.

Wane irin taimako ake bukata?

Kafin ku nemi kowa, ku zauna ku yi shawara, kuma da shi dattijon za a yi. Jikinsa ne, ɗakinsa ne. Ku tambayi kanku: yana iya tashi da kansa? Yana iya wanka? Yana tuna lokacin shan magani? Yana ruɗewa ya fita ya ɓata? Da rana kawai ake son mai zama da shi, ko har da dare?

Amsar ita za ta nuna irin ma'aikacin da ya dace. Mai kula daban, nas daban. Mai kula tana yin wanka da canza kaya da ba da abinci, ta raka tsohuwa banɗaki, ta tuna mata magani, ta ɗebe mata kewa. Allura da ƙarin ruwa da wanke babban gyambo da canza robar fitsari kuwa aikin nas ne mai lasisi. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana kuma bukatar likitan gashi, mai motsa masa gaɓoɓi.

Yarinya 'yar aiki da dillaliya ta kawo daga ƙauye ba ta cikin wannan lissafi. 'Yar shekara 12 ba za ta iya ɗaga babba ba, kuma idan suga ya faɗi cikin dare ba ta san abin yi ba. Ita ma kula take bukata.

Ku je ofishin da ƙafarku

Kada ku ɗauki kamfani don kun ga tallarsa a Facebook ko an turo muku lamba a WhatsApp. Gani ya kori ji. Ku je ku ga ko da gaske akwai ofis, da allon suna, da ma'aikata. Ku tambayi maƙwabtan wurin tun yaushe suke nan.

Ku nemi takardar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. A jikinta akwai lamba mai farawa da RC ko BN. Ku kwafe ta, ku sa wani yaro mai waya ya duba sunan a shafin hukumar na intanet. Sai dai ku sani, wannan takarda tana nuna cewa kamfanin yana da rajista ne kawai, ba shaidar iya jinya ba ce. Idan sun ce suna yin allura da ƙarin ruwa, ku tambayi izininsu na ma'aikatar lafiya ta jiha. A Kano, hukumar PHIMA ce take sa ido a kan wuraren kiwon lafiya masu zaman kansu. Ita kuma nas ɗin, a nuna muku lasisinta na Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ku duba kwanan watan da ke jiki don kada ya zama ya ƙare. Farar riga ba shaida ba ce, kowane tela yana ɗinka ta.

Ku karanta wannan hira, mutum biyu su raba ta a tsakaninsu:

"Salamu alaikum. Hajiya, mahaifiyata ce ba ta iya tashi, muna neman mai kula da ita."

"Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya. Muna da ma'aikata ƙwararru."

"Amin, na gode. Wadda za ku turo mana, a ina ta koyi aikin? Gida nawa ta yi jinya?"

"Ta yi shekara uku da mu. Ga takardarta."

"Wa ya tsaya mata? Kuna da lambarta ta NIN da adireshin gidansu?"

"Akwai su a fayil."

"To, ran da ba ta da lafiya ko aka yi mata rasuwa, wa zai zo a madadinta?"

"Za mu turo wata kafin azahar."

"Madalla. A rubuta mana wannan a takarda. Sannan ina so a haɗa ni da gida biyu da kuka yi wa aiki, in ji daga bakinsu."

Ku lura, Malam bai tsaya a kan kalmar "ƙwararru" ba, sai da ya bi diddigi. Kamfanin kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya fara kame-kame, ko ya matsa a biya kuɗin wata uku tun ba a ga ma'aikaciya ba, ku yi masa sallama.

Wadda za ta shiga ɗakin

A nan ya kamata ku fi daɗewa, domin ba ofis ne zai yi wa Inna wanka ba, mutum ɗaya ce. Ku ce a kawo ta gida ku gan ta kafin a sa hannu a komai. Mace ta kula da mace, namiji ya kula da namiji, saboda wanka da tsarki. Ta kasance tana jin harshen da tsohuwar take ji. Wani dattijon idan ruɗewar tsufa ta zo, Hausa ma takan gudu, ya koma Fulatanci ko Barbarcin da ya tashi da shi.

Ku zuba ido daga shigowarta. Ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ko da ku kawai take magana kamar babu kowa a kan gadon? Ta wanke hannu kafin ta taɓa ta? Da za ta canza mata zane, ta saki labule?

Sai ku gwada ta da tambaya. "Mutumin da ba ya tashi, sau nawa ake juya shi?" Amsa ita ce kamar duk bayan awa 2, dare da rana. In ba a yi ba, fata takan mutu a inda ƙashi ke danne katifa: ƙugu, ƙasan gadon baya, diddige, kafaɗa. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu, ya ɗau zafi ko ya yi tauri, daga nan ya fashe ya zama gyambo mai wuyar warkewa. Ku tambaye ta yadda ake ba mai shanyewar jiki abinci. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a jira ya haɗiye. Ɗura wa mutum kunu yana kwance yana sa ya ƙware, kunun ya bi hanyar numfashi. Ku tambaye ta kuma me za ta yi in ta ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe. Wadda ta san aiki za ta ce asibiti nan take, ba jiƙe-jiƙe, ba jiran gobe.

Ku nemi gwajin mako ɗaya. Bayan ta tafi, ku tambayi tsohuwar ita kaɗai yadda ta gan ta.

Kuɗi da takarda

Araha ba ta ado. A 2024 gwamnatin Najeriya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Ku riƙe wannan a matsayin ma'auni, ku tambayi kamfanin nawa ne yake isa hannun ma'aikaciyar daga abin da kuka biya. Wadda ake biyan ta abin da bai kai ya kawo ba, ba ta daɗewa, tsoho kuwa ba ya son sauyin hannu.

Duk abin da aka yarda a kai, a rubuta: ƙarfe nawa za ta zo, ƙarfe nawa za ta tashi, ranar hutunta, wa zai ba ta abinci da kuɗin mota, wa zai sayi safar hannu da famfas. A rubuta abin da ba aikinta ba ne. Sau da yawa mutanen gida sukan mai da mai jinya 'yar wanke-wanke da aiken cefane, a bar mara lafiyar shi kaɗai. In karatunku bai yi ƙarfi ba tukuna, ku sa wanda kuka amince da shi ya karanta muku kafin ku sa hannu ko ku dangwala. Ku biya ta asusun banki mai sunan kamfanin, ku karɓi rasit. Katin ATM na dattijo da lambarsa ta sirri da takardun gida su zauna a hannun 'ya'yansa.

Bayan an fara aiki

Ku ajiye littafi irin na 'yan makaranta a gefen gado. Kullum ta rubuta abin da aka ci, da maganin da aka sha, da awon jini ko na suga in ana yi. A bangon littafin ku rubuta lambar likita da ta mutum biyu daga cikin dangi. Ku riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba, wata rana da hantsi, wata rana bayan isha'i. Ku ƙirga ƙwayoyin magani, ku duba bayan tsohuwar da diddigenta da idonku. In kun ga zarnin fitsari, ko rama, ko tabon da ba a san dalilinsa ba, ko tsohuwa tana yin tsit da zarar ma'aikaciyar ta shigo, ku kira kamfanin a ranar.

Aikin darasi

1. Ku faɗi ayyuka biyu da mai kula za ta iya yi, da biyu da sai nas.

2. Kamfani na farko ya ce naira 80,000 a wata, da kuɗin mota 15,000 duk wata, da kuɗin rajista 20,000 sau ɗaya. Na biyu ya ce naira 100,000 a wata, babu ƙarin komai. A wata 3, nawa za a biya kowanne? Wanne ya fi sauƙi?

3. Ku ja layi a littafinku ku yi gida huɗu: Rana, Abinci, Magani, Lokacin juyawa. Ku cike na yini ɗaya, ku kawo wa malami a zama na gaba.