Matakan Sayen Fili a Ghana Ga Baƙo

Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa har abada. Haya ce, iyakarta shekara 50, ko da kana da dangi a Zangon Kumasi.

1. Je ka ga filin da damina, wajen Yuni, ka duba inda ruwa ke kwanciya.

2. Karɓi taswirarsa, ka kai hukumar filaye ta Ghana, wato Lands Commission, a binciko mai shi. Nan ake gano filin da aka sayar wa mutum biyu.

3. Yawancin filaye na masarauta ne ko na dangi. Sa hannun mutum ɗaya bai wadatar ba, sai sarki ko shugaban dangi tare da dattawansa.

4. Lauyanka ya duba yarjejeniya, sannan ka biya ta banki, ka yi rajista.

5. Fili ba ya ba da izinin zama. Kafin kwana 90 da ake ba 'yan ƙasashen ECOWAS (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) su zauna ba biza su cika, nemi takarda a hukumar shige da fice.